Shaidar Takarda da Shaidar Fagen Fama: Jiragen Farauta a Yaƙin Hitila

Tun daga ranar da aka ajiye makamai a shekarar 1945 har zuwa yau, ba a daina jayayya ba a tsakanin masana tarihi da tsofaffin soja da masu sha'awar al'amarin jiragen sama a kan mas'ala guda, wato a cikin ƙananan jiragen nan masu ɗaukar mutum ɗaya, waɗanda ba su da wani aiki sai farautar 'yan'uwansu jirage a sararin samaniya, wanne ne ya fi cancanta a ba shi girma a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu suka fi sani da Yaƙin Hitila. Baturen Ingila ba ya yarda a ambaci wani suna gaba da Spitfire. Bajamushe ya kawo Messerschmitt 109 ya ce a ƙidaya abin da ya kayar. Ba'amurke ya ce ai Mustang ne ya kai yaƙi har bisa Berlin. Mutumin Japan kuwa ya tuna wa kowa watannin da Zero ya yi babu mai iya tsayawa gabansa. Kowannensu hujja iri biyu yake riƙe da ita: ta farko takardar masana'anta, wadda ke bayyana gudun jirgi da hawansa da yawan bindigoginsa, ta biyu kuma lissafin jiragen abokan gaba da matuƙansa suka ce sun harbo. A nawa ganin, shaidun nan biyu, ko da yake ba maƙaryata ba ne, ba su cika sharuɗɗan da alƙali zai yanke hukunci da su kaɗai ba, domin wanda ya bi labarin fagagen fama ɗaya bayan ɗaya zai tarar jirgi guda ya gagara a wani wuri ya zama abin tausayi a wani, alhali ba a canza masa ko ƙusa ɗaya ba.

Gwaji mafi shahara shi ne wanda aka yi a bisa kudancin Ingila daga Yuli zuwa Oktoba na 1940, bayan Faransa ta faɗi, sa'ad da rundunar sama ta Jamus ta ƙudura niyyar karya ta Ingila domin a share wa sojan ƙasa hanyar ƙetarawa. Jirage uku ne suka ɗauki nauyin wannan karo, dukansu kuma sa'annin juna ne. Messerschmitt 109 ya fara tashi a 1935, kuma da yake injin da Jamusawa suka tanadar masa bai kammala ba, da injin Rolls-Royce na Ingila aka yi masa tashin farko. Hurricane, wanda Sydney Camm ya zana wa kamfanin Hawker, ya biyo baya a Nuwamban wannan shekara. Spitfire kuma ya tashi ranar 5 ga Maris 1936, mai zanensa R. J. Mitchell bai rayu ya ga amfaninsa ba, domin ciwon daji ya ɗauke shi a 1937 yana da shekara 42. Idan takarda za a bi, Spitfire da 109 kunnen doki suke, kowanne yana gudun kilomita 560 zuwa 580 a sa'a, Hurricane kuwa yana bayansu da kamar kilomita 50. Na Ingila biyun suna ɗauke da bindiga mai jigida guda takwas a fukafukai, masu ƙananan harsasai irin na bindigar soja, waɗanda in matuƙi ya danne maɓalli bai ɗaga ba, cikin daƙiƙa 15 ko kusa da haka sun ƙare ƙaf. Shi kuwa 109 bindigoginsa huɗu ne kacal, amma biyu daga ciki ƙananan igwa ne masu harsashin milimita 20 da ke fashewa in ya taɓa jirgi, sai dai kowace ɗaya harsashi 60 take ɗauka. Spitfire ya fi iya juyawa a ƙaramin fili, 109 ya fi saurin sulmiyowa ƙasa.

To, amma Hurricane ɗin da takarda ta ajiye a baya shi ne ya fi yawa a fagen, domin rukunoninsa sun haura 30 alhali na Spitfire ba su kai 20 ba, kuma fiye da rabin jiragen Jamus da aka kayar a wannan karo shi ya kayar da su. Ƙirarsa ta tsohon yayi ce: bututun ƙarfe aka haɗa, aka ɗora katako, aka lulluɓe bayan jikinsa da yadi mai kauri da aka shafe da wani irin fenti don ya ɗame. Wannan tsufa kuwa ya zame masa alheri, domin harsashin igwar Jamus sau da yawa yakan huda yadin ya fice ta ɗaya gefen bai sami abu mai tauri da zai fashe a kansa ba, makanikan sansani kuma su liƙe hujin nan take, alhali Spitfire mai fatar ƙarfe in ya ji ciwo sai an nemo gwanaye, ko a mayar da shi masana'anta. Ƙafafunsa a buɗe suke, yana sauka a filin ciyawa ba fargaba, bindigoginsa kuma a haɗe suke huɗu-huɗu, saboda haka wutarsu wuri ɗaya take taruwa. Babban aibinsa shi ne wani tankin mai da ke gaban matuƙi, wanda in ya kama, harshen wuta yakan shigo ɗakin tuƙi ya ci fuska da hannuwa, kuma da yawa daga samarin da likita Archibald McIndoe ya yi wa dashen fata a asibitin East Grinstead daga cikin Hurricane suka fito. Duk da wannan hidima sunan Spitfire ne ya game duniya, har ta kai matuƙan Jamus da aka kama sukan dage cewa Spitfire ne ya harbo su ko da an tabbatar musu Hurricane ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko a ƙasarmu, sa'ad da aka tara gudummawar yaƙi a larduna, Spitfire ne ake sayen suna da shi, a kan fam 5,000 kowane ɗaya, har aka laƙaba wa rukuni na 91 na rundunar saman Ingila sunan Nijeriya.

Akwai wani ƙaramin abu da ba a rubuta shi a takardar gudu, wanda kuwa ya raba tsakanin rai da mutuwa ba sau ɗaya ba. Injin Merlin na jiragen Ingila da kafireto yake shan mai, mai ɗan kwano da wani abu da ke yawo a kan man yana buɗe ƙofa yana rufewa. Injin Daimler-Benz na 109 kuwa famfo ne ke fesa man kai tsaye cikin silinda. Muddin jirgi yana tafiya sosai babu wani bambanci. Amma da zarar Bajamushe ya ga an biyo shi, sai ya tura sandar tuƙi gaba, jirgin ya kifa hanci ya nufi ƙasa, injinsa bai ko yi tari ba. In Baturen Ingila ya kwaikwaye shi, man da ke cikin kwanon sai ya tashi sama ya bar ƙofar, inji ya shaƙe, sa'an nan mai ya yi masa yawa ya fitar da baƙin hayaƙi, kafin ya farfaɗo abokin gaba ya yi nisa. Dabarar da matuƙa suka koya ita ce su fara mirgina jirgin ya koma rigingine tukuna su ja sanda, amma ko a nan wasu daƙiƙoƙi sun salwanta. Wata injiniya ce a cibiyar bincike ta Farnborough, Beatrice Shilling, wadda ta yi suna a tseren babur, ta samo magani na wucin gadi a farkon 1941: ɗan zoben tagulla mai huji a tsaka, da ake sakawa a bututun mai ya ƙayyade abin da ke shiga, ta kuwa bi sansani-sansani da 'yan tawagarta suna ɗaura shi.

Tsarin tafiya ma ba ya cikin takarda. Turawan Ingila uku-uku suke tashi a matse, na gefe biyu idanunsu na kan fiffiken shugaba don kada a yi karo, ya zama mutum ɗaya kaɗai ke duban sama. Jamusawa kuwa, waɗanda suka yi karatunsu a yaƙin basasar Sifen, Werner Mölders ya tsara musu tafiya biyu-biyu a warwatse, ɗaya na farauta ɗaya na tsaron bayansa. Da yake mafi yawan waɗanda aka harbo ba su ma ga maharbin ba, daga sama ya faɗo musu ta wajen rana, wanda ya riga ganin ɗan'uwansa ya fi wanda ya fi gudu rinjaye, kuma Ingila ta biya diyya mai tsada kafin ta yarda ta ari tsarin abokin gabarta.

Abin da ya karya 109 a Ingila shi ne tankinsa. Lita 400 yake ɗauka, in kuwa ya tashi daga gaɓar Faransa ya rako jiragen bom masu nauyin tafiya har Landan, abin da ya rage masa na faɗa bai fi minti 10 ba kafin jar fitila ta kunnu a gabansa tana yi masa gargaɗi, kuma ba kaɗan ba ne suka ƙare a cikin teku suna hangen Faransa. Göring, shugaban rundunar saman Jamus, ya ƙara musu nauyi da ya umarce su su manne wa jiragen bom, ya raba su da fifikonsu na hawa sama da faɗowa. A ɗaya gefen, na'urorin rada da tsarin da Hugh Dowding, shugaban rundunar jiragen farautar Ingila, ya kafa suna sanar da Ingila inda abokan gaba suke tun suna haɗuwa a bisa Faransa; matuƙinta da ya diro da laima a gonakin Kent yakan koma sansani ya sake tashi washegari, Bajamushe kuwa sai gidan fursuna; masana'antunta kuma a wannan damina suna fitar da kusan ninki biyu na jiragen farautar da Jamus ke ƙerawa. Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa wuri ne ya yi hukunci, ba jirgi ba, ita ce abin da ya auku sa'ad da reshe ya juye da mujiya a 1941. Ingila ta fara aika Spitfire bisa arewacin Faransa don ta tsokano faɗa, a lokacin da Jamus ta kwashe yawancin jiragenta zuwa Rasha ta bar runduna biyu kacal a yamma, sai ga shi ƙarancin mai da teku da gidan fursuna duk sun koma kan Spitfire. A rabin ƙarshe na shekarar Ingila ta yi hasarar jiragen farauta sama da 400, ta Jamus ba ta kai 200 ba, kuma a cikin waɗanda aka kama har da Douglas Bader, gwanin nan da ya rasa ƙafafunsa biyu tun kafin yaƙi yake tuƙi da na ƙarfe. Alhali kuwa a wannan lokaci matuƙan Ingila sun rubuta cewa sun harbo sama da 700.

Wannan ya kawo mu ga shaida ta biyu, wadda ta fi ta farko shubuha. Malamanmu na hadisi sun daɗe da sanin cewa mai ruwaya yana iya zama adali, wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, amma ya kasance mai raunin kiyayewa, shi ya sa ba su karɓar ruwaya sai adalci da kiyayewa sun haɗu, an kuma gwada ta da ta waninsa. Matuƙin jirgin farauta galibi adali ne, sai dai halin da yake ganin abin da zai ruwaito ba hali ne na tabbatarwa ba: yana gudun kilomita 500 a sa'a, juyi ya janye jini daga kansa har idonsa ya dushe, wuyansa na waiwaye, ya harba, ya ga hayaƙi, jirgin ya nufi ƙasa, ba shi kuwa da zarafin bin sa da ido har ya ga faɗuwarsa, domin wanda ya tsaya kallo shi ne abin harbi na gaba. Hayaƙin nan sau da yawa na injin 109 ne da aka buɗe wa wuta duka yana gudun tsira. Jirgin bom guda kuma mutum uku su harbe shi ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya koma gida ya rubuta shi a littafinsa da zuciya ɗaya. Ranar 15 ga Satumba 1940 aka shelanta wa duniya cewa Ingila ta kayar da jirage 185, alhali abin da Jamus ta rasa kimanin 60 ne. A karon gaba ɗaya Ingila ta yi iƙirarin kusan 2,700, da aka buɗe takardun Jamus bayan yaƙi aka tarar 1,733. Jamusawa kuma suka yi iƙirarin sama da 3,000, alhali jiragen farautar da Ingila ta rasa kimanin 1,000 ne. Mafi ƙaranci a kiyayewa su ne maharban da ke cikin manyan jiragen bom na Amurka, domin mutum goma sha suna iya buɗe wa jirgi ɗaya wuta lokaci guda: ranar 14 ga Oktoba 1943, a harin Schweinfurt, an rubuta musu 186, abin da ya tabbata bai kai 40 ba. Ruwayar da ta fi inganci, in ana son tahƙiƙi, ita ce ta ma'ajin kayan runduna, wanda ke rubuta jiragensa da suka salwanta don a aiko masa da madadinsu, domin shi in ya ɓoye hasara kansa ya cuta.

Kuskuren lissafi bai tsaya ga tarihi ba, ya shiga cikin yaƙin kansa, domin hafsoshin Jamus sun gaskata alƙaluman matuƙansu, suka ƙaddara cewa saura ƙiris rundunar Ingila ta ƙare, kuma wannan zato yana daga cikin dalilan da suka sa suka juya kan Landan ranar 7 ga Satumba suka sassauta wa filayen jirage. Haka nan lissafin gwanaye ba ya gwada jirage. Erich Hartmann, wanda aka rubuta wa 352 a cikin 109, galibinsu a fagen Rasha, ya tashi yaƙi kimanin sau 1,400, domin Bajamushe ba ya barin fage sai in ya mutu ko ya naƙasa. Richard Bong na Amurka kuwa da ya kai 40 aka janye shi gida. Ingila da Amurka sun ɗauki al'adar mayar da gwanayensu malaman makaranta, kuma amfanin wannan bai bayyana ba sai a 1944.

Fagen da ya fi kusa da mu shi ne hamadar Libiya da Masar, kuma ba kowa ya san cewa da yawa daga jiragen da suka yi faɗa a can ta Kano suka bi ba. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940, Bahar Rum ya zama hanya mai hatsari, zagayawa ta kudancin Afirka kuma makonni ne masu yawa, sai aka riƙa sauke jirage cikin manyan akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, su tashi ayari-ayari, jirgin Blenheim mai inji biyu da ke ɗauke da masanin hanya yana gaba, Hurricane kamar shida na biye, su yada zango a Ikko, da Kano, da Maiduguri, su ratsa Chadi zuwa Jinaina da Fashir da Hartum, sa'an nan su bi Nilu har Masar, tafiyar kusan kilomita 6,000 cikin kwana shida in hazon hunturu ko hadarin damina bai tsare su ba. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, makonni kaɗan bayan gwamnan Chadi Félix Éboué ya juya wa gwamnatin Faransa ta Vichy baya ya bi Janar de Gaulle, abin da ya buɗe sararin ƙasarsa, kuma kafin a gama jirage sama da 5,000 sun bi wannan tafarki. Jamusawa sun san darajarsa, har suka aiko jirgi guda ya ƙetare Sahara ya jefa bom a ma'ajin mai na Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, a Janairun 1942. Wani abin lura kuma, Arthur Coningham, wanda ya shugabanci rundunar saman hamada daga 1941, shi ne mutumin da ya jagoranci jirage ukun da suka taso daga Masar suka sauka Kano a 1925.

Hurricane ɗin da ya iso Masar ta wannan hanya injinsa ya riga ya ci sa'o'i masu yawa, an kuma ɗaura masa ƙatuwar matatar iska a ƙarƙashin hanci saboda rairayi, wadda ta rage masa gudu. Shi da Tomahawk da Kittyhawk na Amurka ba sa'o'in sabon 109F ba ne, wannan babu saɓani a kai. A kansu Hans-Joachim Marseille ya yi sunansa, wanda aka rubuta wa 158, 151 daga ciki a Afirka, har da 17 a rana guda, 1 ga Satumba 1942. Masu bincike sun yi ta gardama a kan nawa ne suka tabbata, amma abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne cewa duk 17 ɗin jiragen farauta ne, alhali a wannan rana jiragen bom na Ingila suna ta ruwan wuta a kan motocin Rommel, kwamandan sojan Jamus a Afirka, a Alam Halfa. Coningham ba gasar gwanaye ya zo yi ba, motocin mai da tankoki da filayen jirage yake nema, ya kuma mayar da tsohon Hurricane mai ɗaukar bom, wani irinsa ma aka ɗaura masa igwa biyu masu milimita 40 don fasa tanki. Marseille ya mutu ranar 30 ga wannan wata yana da shekara 22, ba da harbin kowa ba, injinsa ne ya kama hayaƙi, da ya yi tsalle wutsiyar jirginsa ta buge shi. Bayan makonni kaɗan aka karya Rommel a El Alamein.

A gabas mai nisa Jiro Horikoshi ya zana wa kamfanin Mitsubishi jirgin Zero a bisa sharaɗin da injiniyoyi da yawa suka ga ba zai yiwu ba, wato nisan zango da saurin juyi da inji wanda bai kai ƙarfin doki 1,000 ba, hanyar da ya bi kuwa ita ce ya cire duk abin da ke da nauyi, har da sulken da ke kare matuƙi da robar da ke toshe tanki in harsashi ya huda shi. Da wannan ya tashi daga Formosa ya afka wa Filifin a Disamban 1941, daga Rabaul kuma ya riƙa zuwa Guadalcanal, kusan kilomita 1,000, ya yi faɗa ya komo. Spitfire kansa da ya gamu da shi a bisa Darwin ta Ostireliya bai ji da daɗi ba, domin ranar 2 ga Mayu 1943 jirage 14 suka salwanta, da yawa daga cikinsu saboda ƙarewar mai da lalacewar inji. Amurkawa suka koyi kada su yi gasar juyi da shi, John Thach ya tsara yadda jirage biyu za su riƙa saƙa suna kare bayan juna, aka kuma tsinci Zero guda kusan lafiyayye a tsibirin Akutan a 1942 aka gwada shi aka gane rauninsa. Ana yawan kawo cewa Hellcat na Amurka ya kayar da 19 a kan kowane ɗaya da ya rasa, amma ban da cewa iƙirari ne, waɗanda ya tarar a 1944 yara ne sababbin tuƙi, gwanayen 1941 sun ƙare. Misalin da ya fi kowanne ban mamaki shi ne Brewster Buffalo, wanda a Midway aka kakkaɓo 13 daga kimanin 20 a safiya guda har Amurkawa suka tsine masa, alhali mutanen Finlan, da guda 44 kacal na wani irinsa mara nauyi, sun rubuta sama da 450 a kan Rasha, abin da suka rasa a faɗan sama bai kai 20 ba. Ko an zubar da rabin lissafin, abin da ya rage ya isa hujja. Airacobra na Amurka ma da Ingila ta ƙi saboda ba ya hawa sama, shi Aleksandr Pokryshkin ya yi suna da shi a Rasha, inda faɗan ƙasa-ƙasa ake yinsa.

In har akwai jirgin da za a ce ya sauya akalar yaƙi da kansa, Mustang ne ya fi kusa, kuma ko shi haɗin gambiza ne. Ingila ce ta yi odarsa daga kamfanin North American a 1940, ya zo da injin Allison wanda numfashinsa ke yankewa can sama, har sai da wani matuƙin gwaji na Rolls-Royce, Ronald Harker, ya tuƙa shi a Afrilun 1942 ya ba da shawarar a sa masa Merlin, kamfanin Packard kuma ya ƙera injin a Amurka. Harin Schweinfurt da aka ambata ya ci manyan jiragen bom 60 daga cikin 291 saboda babu ɗan rakiyar da zai kai su, amma a Maris 1944, da tankunan ratayawa da ake yarwa in sun ƙare, wasunsu ma da takarda mai kauri aka yi su, Mustang ya bayyana a bisa Berlin. James Doolittle, kwamandan wannan runduna ta Amurka, ya yi akasin abin da Göring ya yi a 1940, ya sake su su bi jiragen Jamus duk inda suke har filayensu. Daga Janairu zuwa Mayu na wannan shekara Jamus ta rasa matuƙan farauta sama da 2,000, daga Mayu kuma aka fara ragargaza matatun manta, ya zama babu man da za a horar da madadinsu da shi.

A cikin wannan hali Jamus ta fito da jirgin da ya fi kowanne a takarda, wato Messerschmitt 262 mara farfela, mai gudun kilomita 870 a sa'a, ya ɗara Mustang da fiye da 150, yana ɗauke da igwa huɗu masu milimita 30. An ƙera kimanin 1,400, amma waɗanda suka shiga faɗa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Saboda ƙarancin ƙarafa masu jure zafi, injinsa ba ya wuce kimanin sa'a 25 sai a sauke shi. Ba ya ɗaukar wuta da gaggawa, yana bukatar dogon fili, kuma a lokacin tashi da sauka ba shi da kariya, shi ya sa matuƙan Amurka da Ingila suka daina bin sa a sama suka koma yi masa kwanto a kewayen filayensa. Rukunin farauta na farko da aka kafa masa bayan na gwaji an danƙa shi ga Walter Nowotny, wanda aka rubuta wa sama da 250, ya fara aiki a farkon Oktoba 1944 daga filayen Achmer da Hesepe. Ranar 8 ga Nuwamba Nowotny ya faɗi kusa da filinsa ya mutu. A cikin makonni biyar ɗin nan rukunin ya yi iƙirarin harbo jirage ashirin da 'yan kai, ya kuma yi hasarar fiye da haka daga nasa, da yawansu ta hatsari da lalacewar inji, sai aka janye shi daga fagen fama domin a sake horar da matuƙansa.